Jan kati huɗu bayan an tashi wasa: daren Goodison da magoya baya suka kasa mantawa

Duk wanda ya saba da gidan kallon ƙwallo ya san wannan lokaci: minti 90 ya cika, wata ƙungiya tana gaba da ci ɗaya, masu babura sun fara sulalewa waje kafin ƙofa ta cushe. Wanda ya yi irin wannan gaggawa a daren Laraba 12 ga watan Fabrairu 2025 ya tafka asara, domin bayan fitarsa ne aka yi abin da magoya baya suka ƙarasa kakar wasa suna musu a kansa.

Liverpool ce ke gaban Everton da ci 2 da 1 a filin Goodison Park. Beto ne ya fara ci wa masu gida a minti na 11, Alexis Mac Allister ya rama da ka bayan minti biyar, sannan Mohamed Salah ya ƙara ta biyu a minti na 73. An ƙara minti biyar, biyar ɗin suka wuce ana ci gaba da wasa, saboda ƴan wasan Everton biyu sun yi karo da kai an tsaya duba su. A minti na takwas na ƙarin lokaci ƙwallo ta faɗo gaban James Tarkowski, mai tsaron baya da ke ɗaure da kambun kyaftin, wanda ba a san shi da cin ƙwallo ba. Ya ɗaɗa ta, ta shige saman raga. Wasu ƴan kallo suka tsallako cikin fili. Masu na'urar VAR suka ɗauki mintuna suna duba ko akwai satar gida, da ko Beto ya ture Ibrahima Konaté kafin ƙwallon ta iso. Daga ƙarshe aka ce ci ya tabbata, aka tashi 2 da 2.

Busar tashi ba ta kashe wutar ba. Abdoulaye Doucouré, ɗan wasan tsakiyar Everton, ya nufi kusurwar da aka ware wa magoya bayan Liverpool yana tsokanar su. Curtis Jones ya rugo ya cakume shi, ƴan wasan ɓangarorin biyu suka rufa, sai da ƴan sanda da masu gadin fili suka shiga tsakani. Alƙalin wasa Michael Oliver ya ɗaga wa Doucouré da Jones katin gargaɗi na biyu kowannensu, wato jan kati ke nan. Kocin Liverpool Arne Slot ya zo ya kama hannun Oliver da ƙarfi yana faɗa masa magana, shi ma ya ga ja. Mataimakinsa Sipke Hulshoff ya bi sahu. Mutum huɗu aka kora daga wasan da an riga an tashi. Doka ta yarda da haka: ikon alƙali na ɗaga kati bai ƙarewa sai ya bar fili, kuma tun 2019 ana nuna wa masu horarwa kati kamar yadda ake nuna wa ƴan wasa.

Maƙwabta ne, shi ya sa abin ke da zafi

Wanda bai san tarihin garin ba zai yi mamakin yadda canjaras ya haifar da wannan hayaniya. Tsakanin Goodison da Anfield bai kai tafiyar rabin awa a ƙafa ba, wani lambun shaƙatawa mai suna Stanley Park ne ya raba su. Anfield ma asalinsa gidan Everton ne. A 1892 suka saɓa da mai filin, John Houlding, a kan kuɗin haya, suka kwashe kayansu suka koma Goodison, shi kuma ya kafa sabuwar ƙungiya don kada filinsa ya zauna fayau. Ita ce Liverpool. Tun daga nan ake samun gida ɗaya, uba ja, ɗa shuɗi, har Turawan Ingila suka daɗe suna kiran karawar da wasan hamayyar zumunci. Amma zumuncin a kan kujeru yake. A cikin fili, babu wata karawa a tarihin gasar Firimiya da aka ba da jan kati a cikinta kamar wannan.

Sannan wannan shi ne karo na ƙarshe da za su haɗu a Goodison, domin Everton za ta koma sabon filinta a bakin ruwa, a Bramley-Moore Dock. Tun 7 ga Disamba 2024 ya kamata a buga wasan, guguwar Darragh ta sa aka ɗage. Kafin daren, kowace ƙungiya ta ci ɗaya sau 41 a wannan fili. Da Liverpool ta riƙe 2 da 1 ɗin nan, da tarihi ya rubuta cewa baƙo ya fi mai gida nasara a cikin gidansa, har abada, babu damar ramawa. Ƙwallon Tarkowski ce ta hana. Wanda ya fahimci wannan ba zai tambayi dalilin da ya sa dattawa ke rungume juna suna hawaye saboda maki ɗaya ba.

Yadda aka yanke hukunci

Na ƴan wasan biyu bai ɗauki lokaci ba. Kati biyu na gargaɗi dakatarwar wasa ɗaya ce, kuma ba a ɗaukaka ƙara a kansa sai in alƙali ya ɗauki wani a matsayin wani. Doucouré bai buga wasan Crystal Palace ba, Jones bai buga na Wolves ba. Duka ƙungiyoyin sun ci wasanninsu da 2 da 1.

Na Slot ne ya ja. Washegari shafin gasar Firimiya ya wallafa cewa an dakatar da shi wasa biyu, daga baya aka cire labarin, domin jan katin koci ba ya zama dakatarwa kai tsaye. Sai hukumar ƙwallon Ingila, FA, ta karanta rahoton alƙali ta shigar da tuhuma, wani kwamiti mai zaman kansa ya zauna. Cikin wannan jira Slot ya tsaya a bakin fili a wasan Wolves, da na Aston Villa, da wanda suka je suka doke Manchester City 2 da 0 a gidanta. Sai ranar 26 ga Fabrairu hukunci ya fito: dakatarwar wasa biyu da tarar fam 70,000, kusan miliyan 55 na sefa ke nan. Hulshoff shi ma wasa biyu, da fam 7,000. An ci Everton tarar fam 65,000, Liverpool fam 50,000, saboda sun kasa tsawata wa mutanensu.

Da aka fitar da bayanan kwamitin ne aka ji abin da ya shiga tsakanin Slot da Oliver. Rahoton alƙalin ya ce kocin ya zarge shi da ba Everton komai, ya kuma ce masa, haɗe da ashar, in Liverpool ba ta ɗauki kofi ba shi zai ɗora wa laifi. Slot ya amsa tuhumar rashin ɗa'a, ya ba da haƙuri, amma ya ce ba da waɗannan kalmomi ya faɗa ba. Kwamitin ya fi gamsuwa da na alƙali. Tun kafin nan ma Slot ya shaida wa ƴan jarida cewa zuciya ce ta ɗebe shi, kuma da za a maimaita da bai yi haka ba.

Kowa da tasa shari'ar

A nan ne magoya baya suka karɓi ƙara, kuma ba a Ingila kaɗai ba. Gasar Firimiya tana da masu bin ta a Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai kamar yadda take da su a Landan, kuma duk wanda ya taɓa zama a fada washegarin babban wasa ya san ba a gama zagayen shayi na uku ba tare da an yanke wa alƙalin wasa hukunci ba. Ƴan ci-rani da ke Legas ko Abidjan ko Aljeriya ko Turai su ma ba a barin su a baya, da saƙon murya suke shigo da tasu hujjar.

Hujjar ƴan Liverpool ta fi kowace tsawo. Sun ce bugun tazarar da Everton ta ci ƙwallon farko da shi babu laifi a wurin, Mac Allister bai taɓa Iliman Ndiaye ba. Sun ce minti biyar aka nuna, me ya kai wasa minti na takwas? Sun ce Beto ya ture Konaté a gaban kowa. Kyaftin ɗinsu Virgil van Dijk ya ƙara musu ƙarfi da ya fito ya ce wasan ya kuɓuce wa alƙali, kuma Doucouré ne ya je neman tsokana. A wurinsu Jones bai yi laifi ba: yaron gari ne, a Liverpool aka haife shi, tun yana ƙarami yake makarantar horon ƙungiyar, ya ga ana yi wa mutanensa dariya ya tare musu faɗa. Sannan suka tono tsohon ciwo. A Oktoba 2020, a wannan fili dai, mai tsaron ragar Everton Jordan Pickford ya afka wa Van Dijk ya tsinka masa jijiyar gwiwa, ya rasa sauran kakar gaba ɗaya, ko katin gargaɗi ba a ba Pickford ba. Alƙalin wannan rana Michael Oliver ne. Wanda ke kan VAR kuma David Coote ne, mutumin da aka kora daga aiki a Disamba 2024 bayan fitar wani bidiyo da yake zagin tsohon kocin Liverpool Jürgen Klopp. Ga mai neman hujjar cewa ana ƙin ƙungiyarsa, wannan ya ishe shi shekara goma.

Ƴan Everton dariya suka yi. Suka ce yaushe murna ta zama laifi? Doucouré bai taɓa kowa ba, Jones ne ya fara kai hannu, amma aka yi musu kuɗin goro, kati ɗaya hukunci ɗaya. Suka ce ta yaya ƙungiyar da aka kori mutum uku daga cikinta za ta biya tarar da ba ta kai ta wadda aka kori mutum ɗaya ba? Su ma suna da nasu tsohon ciwon, wanda ya fi na maƙwabtansu zurfi. A kakar 2023 zuwa 2024 an zaftare wa Everton maki 10 saboda karya ƙa'idar kashe kuɗi, aka rage zuwa 6 bayan ɗaukaka ƙara, aka sake cire wasu 2, alhali Manchester City da ke fuskantar tuhuma sama da ɗari tana ta ɗaukar kofi ana jiran shari'a. A lokacin ne suka cika Goodison da ƙananan kwalaye masu zargin hukumar gasar da rashin gaskiya. Mutanen da suka ga haka ba za su saurari ƙungiyar da ke saman teburi tana kukan zalunci ba.

Sai kashi na uku, waɗanda ba a kasa da su ba amma suka fi kowa ɗaga murya: ƴan Arsenal. Canjaras ɗin ya sa tazarar Liverpool ta tsaya a maki bakwai maimakon tara, don haka a daren nan babu wanda ya kai su son Everton. Su ne kuma suka riƙa tambayar dalilin da ya sa aka bar Slot a bakin fili har ya gama da Villa da City, wasanni biyu mafi wuya, sannan dakatarwar ta faɗa kan Newcastle da Southampton, duka a Anfield. Abin dariya shi ne, makonni biyu da rabi kafin nan su ne ke neman kan Oliver saboda jan katin da ya ba matashinsu Myles Lewis-Skelly a gidan Wolves, katin da aka soke daga baya. Har barazana aka aika wa alƙalin da iyalinsa, ƴan sanda suka shiga bincike.

In aka ajiye riga gefe, kowane ɓangare yana da ɗan abin kamawa, amma ba kamar yadda yake zato ba. Ƙarin lokacin da ake nunawa mafi ƙaranci ne, ba iyaka ba, kuma an tsaya duba masu rauni. Turin da Beto ya yi irin wanda wani alƙali zai busa ne wani ya ƙyale, kuma VAR ba ta soke hukunci sai kuskuren ya fito fili ƙarara. Jinkirin shari'ar Slot bin matakai ne. Inda masu ƙorafi suka fi gaskiya shi ne cewa hukuncin bai ciji kowa ba. Dakatarwa daga bakin fili ba ta hana koci shiga ɗakin canza kaya. Ranar wasan Southampton an tafi hutun rabin lokaci ana cin Liverpool 1 da 0, Slot ya sauko daga kan kujerun ƴan kallo ya yi wa yaransa faɗa, ya canza mutum uku, suka dawo suka ci 3 da 1. Newcastle kuwa 2 da 0 ta sha. Wanda ya tsaya a madadinsa a bakin fili, John Heitinga, tsohon ɗan wasan Everton ne.

Hukuncin da babu kwamitin da ya yanke

Wanda ya fi kowa biya a wannan rigima ba a aljihunsa ya biya ba. Cikin sa'o'i kaɗan da tashi daga wasa, shafukan sada zumunta na Doucouré suka cika da zagi na wariyar launin fata. Washegari Everton da Liverpool, waɗanda ƴan wasansu suka shaƙe wuyan juna a daren jiya, suka fitar da sanarwa guda tare suna Allah wadai, ƴan sandan yankin Merseyside suka buɗe bincike.

Doucouré ba baƙo ba ne ga masu kallo a Sahel. A Faransa aka haife shi, iyayensa ƴan Mali ne, kuma Mali ya zaɓa ya buga wa. Shi ne ya ci ƙwallo ɗaya tilo a ragar Bournemouth a ranar ƙarshe ta kakar 2023, ƙwallon da ta hana Everton faɗawa rukuni na biyu. A daren Goodison ɗin ma, in aka duba fili da kyau, rabin labarin na ƴan Afirka ne: Beto na Gine Bisau, Salah na Masar, Idrissa Gana Gueye da Ndiaye na Senegal, shi Ndiaye da kuka ya fita tun kafin hutun rabin lokaci saboda rauni. Konaté da ake cewa an ture shi, ɗan Faransa ne amma shi ma jinin Mali ne. Wato mai zagin Doucouré saboda fatarsa don ya kare Liverpool, mai tsaron bayan Liverpool ɗin yake zagi bai sani ba.

Wannan ya jefa matashin Afirka mai goyon bayan Liverpool cikin wani hali da musun fada bai cika taɓowa ba. Ya ji haushin Doucouré da gaske, yana da dalili. Amma ya buɗe waya ya ga wasu da ke sanye da riga irin tasa suna faɗa wa mutumin kalmomin da shi ma za su faɗa masa da a gabansu yake. Ga ɗan ci-ranin da ke zaune a Turai ko Magrib, waɗannan kalmomi ba labari ba ne, ya san su a tasha da wurin aiki. FA tana da farashin kowane laifi da aka yi a gaban kyamara: cakumar wuya wasa ɗaya, zagin alƙali wasa biyu da fam 70,000. Wanda ya zagi ɗan wasa daga ɗakinsa da sunan ƙarya, wataƙila ma daga wata nahiya, ba ya cikin wannan jadawali. Iyakar abin da ƙungiya za ta iya shi ne ta hana shi shiga fili in an gano shi, filin da mai yiwuwa bai taɓa takawa ba.

Kuma abin bai tsaya kan launin fata ba. Ranar 2 ga Afrilu aka sake haɗuwa a Anfield. Minti 11 da farawa Tarkowski ya share ƙwallo, ƙafarsa ta wuce ta sauka a ƙaurin Mac Allister. Alƙali Sam Barrott ya ba shi katin gargaɗi, VAR ba ta kira shi ya sake dubawa ba. Washegari hukumar alƙalan wasa ta amsa cewa jan kati ya kamata a ba shi. Amma tunda alƙalai sun ga abin sun yanke a lokacin, babu wani hukunci da ya biyo baya. Liverpool ta ci 1 da 0 ta ƙafar Diogo Jota, ƴan Everton suka ce Luis Díaz yana cikin satar gida lokacin da aka faro harin, musu ya koma sabo. Waɗanda suka ga hukuma ba ta hukunta Tarkowski ba sai suka ɗauki aikin da kansu: aka riƙa aika masa da iyalinsa barazanar kisa, har matarsa ta fito ta yi magana, Everton ta sake fitar da wata sanarwar. Gwarzon Fabrairu ya zama abin farauta a Afrilu, kuma a wannan karo Bature ne.

Maki biyun da aka yi duk wannan faɗa a kansu ba su canza komai ba. Ranar 27 ga Afrilu Liverpool ta lallasa Tottenham 5 da 1 ta ɗauki kofinta na 20, ta ƙare kaka da maki 84, Arsenal na biye da 74. Slot bai samu abin da zai ɗora wa Oliver ba. Everton, wadda David Moyes ya dawo ya karɓa a watan Janairu tana dab da ramin faɗuwa, ta ƙare a mataki na 13. Ranar 18 ga Mayu ƙungiyar maza ta buga wasanta na ƙarshe a Goodison, ta doke Southampton 2 da 0, kuma Ndiaye, wanda ya bar wasan hamayyar yana share hawaye, shi ya ci duka biyun. Filin ya koma hannun ƙungiyar mata ta Everton a 2025. Lissafin wasan hamayya a cikinsa ya tsaya a 41 da 41.